Baƙin Da Ya Koma Toka

Injiniya yana durƙushe a bayan tebur, kansa a ƙarƙashin katako, yana lalubar bakin kebul da yatsu. Ƙura ta shiga masa hanci. Ya zare tsohon, ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba.

"Ba ni sabon."

Malama ta ɗora masa a tafin hannu. Tare suke aiki a shagon sayar da kayan kwamfuta, ita a kantar sayar da kaya, shi a teburin gyara, amma tun da suka baro shagon ba ta ce masa uffan ba, shi ma bai nemi ta ce ba. Ya cusa kebul ɗin, ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya sake cusawa, ya ji ya zauna. Sannan ya ja jiki ya fito yana kaɗe gwiwoyin wandonsa, ya yi gyaran murya irin ta wanda ya gama aiki tun kafin a kunna.

Ɗakin a saman gidan burodi yake, zafin tanda yana ratso siminti har tafin ƙafa. Mai burodin, ƙaton mutum mai gari har gwiwar hannu, yana tsaye a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu. Shi ne mai allon kwamfutar da suka zo dubawa. Aikinsa daga asuba ne zuwa azahar, daga nan sai ya hau sama ya rufe ƙofa ya buga gem a kwamfuta. Ba ya zuwa kallon ƙwallo, ba ya zaman hira a bakin titi. Wannan kaɗai ya ɗaukar wa kansa na jin daɗi, kuma ya daɗe yana burin allon nan kafin ya saya.

Allon irin wanda ake kira OLED ne. Injiniya da bakinsa ya yi masa bayani ranar saye: sauran alluna fitila ce a bayansu tana ci ko da hoton na duhu ne, wannan kuwa kowane ɗigo shi ke kunna kansa, in ya mutu ya mutu murus, shi ya sa baƙinsa baƙi ne na gaske. In aka kunna masa HDR aka saita daidai, wato aka sanar da kwamfutar iyakar duhun allon da iyakar haskensa, to wuta a cikin gem sai ta sa ka ƙifta ido, kogo kuwa sai ka ji tsoron shiga. Haka ya faɗa, kuma shi ya biyo mutumin har gida ya saita da hannunsa, kwana goma da suka wuce.

"To, kunna mu gani," in ji Injiniya.

Mai burodi ya zauna, kujerar ta yi kuka. Ya buɗe gem ɗin, ya kai ɗan mutumin da yake sarrafawa bakin wani kogo riƙe da sandar wuta, ya shigar da shi ciki. Ya ƙura wa allon ido. Can ya saki maus ɗin, wato linzamin kwamfutar, ya jingina.

"Baba Injiniya, yana nan fa yadda yake. Duba don Allah. Wannan kogo ne ko ɗakin da hayaƙi ya turnuƙe? Baƙin duk ya koma toka. Wutar kuma kamar ta ashana. Abokina irin wannan allon gare shi sak, na je na gani da idona. In ya shigo nan wurin sai ka rasa inda allo ya ƙare, inda ɗaki ya fara."

Injiniya ya matso ya duba. Ya ga duwatsu, ya ga hanya, ya ga ruwa yana ɗiga daga sama. Shi dai a idonsa kogon ya yi kyau, kuma abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan.

Ba a jami'a ya samo sunan Injiniya ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran talabijin, tun zamanin masu ƙaton ƙeya da sai mutum biyu sun ɗauka, kuma abin da ya yi suna a kai shi ne ido. Kallo ɗaya zai yi wa allo ya ce ja ya yi yawa, ko kore ya yi sanyi, a auna a tarar haka ne. Da talabijin ta daina lalacewa irin yadda ake iya gyarawa, mai shagon kwamfuta ya ɗauke shi saboda idon nan, ya kuma riƙa tallarsa ga masu saye kamar shi ma kayan shago ne.

Tun bara ya fara lura da wasu abubuwa. Fitilun mota da yamma suka riƙa fashewa suna bazuwa. Matakalar ƙarshe ta bakin shago ta riƙa ɓace masa. Ya ƙara ƙwan fitila biyu a saman teburinsa, ya ce na zamani ba su da ƙarfi. Wani mai sayar da tabarau ya leƙa idonsa ya ce kamar yanar ido ce ta fara, ya je asibiti a duba. Bai je ba, bai kuma ƙara bi ta layin mai tabarau ba.

Ranar Talata mai burodi ya zo shago da ƙorafi, muryarsa har waje. Mai shago ya juyo ya tambayi Injiniya me ya faru, a gaban masu saye huɗu ko biyar. Kafin Injiniya ya yi tunani bakinsa ya riga shi: "Kebul ne. Wanda aka haɗa masa ba ya ɗaukar HDR." Ko kallon kebul ɗin bai yi ba. Malama ce ke zaɓar wa kowa kebul. Mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, ta taɓa koyar da kwamfuta a wata makaranta, shi ya sa sunan ya bi ta. Mai shago ya juya kanta ya wanke ta tas. Ya ce karatun da take taƙama da shi bai hana ta jawo masa abin kunya ba, ya ce in ta tabbata kebul ne, ta bar kantar ta koma sito jera kwalaye. Sau ɗaya ta buɗe baki, ta ce kebul ɗin daidai yake. Ta kalli Injiniya. Shi kuwa ya sunkuya yana neman sukudireban da ke hannunsa.

Yau mai shago ya turo su tare da sabon kebul, ya ce ita ma ta je ta ga aikinta da idonta.

"Bari mu bi shi daki-daki," in ji Injiniya, ya karɓi kujerar daga mai burodi.

Ya danna maɓallin ƙasan allon ya shiga saitinsa, HDR a kunne. Ya shiga saitin kwamfutar, a kunne. Ya shiga na gem ɗin, nan ma a kunne. Ya ce hasken taga ne ke shiga tsakani, aka ja labule, ɗakin ya yi duhu. Ya ce wataƙila kwamfutar ba ta gane sabon kebul ba, aka kashe aka kunna. Duk wannan dogon zagaye ne kawai, kuma ya san inda hanyar za ta ɓulle.

Aka ƙwala kira daga ƙasa: tandar baya ta ƙi kamawa. Mai burodi ya yi tsaki, ya ce yanzu zai dawo, ya sauka matakala tana girgiza.

Ya rage daga Injiniya sai Malama. Ya buɗe shafin saitin duhu na cikin gem ɗin. Allon ya koma baƙi ƙirin, sai ɗan layi a ƙasa mai ɗigon da ake ja, da lamba a kusurwa. Ƙa'idar a kansa take: akwai alama ɓoye a tsakiyar baƙin, za ka yi ta jan ɗigon daga sifili har sai ta fara bayyana da ƙyar, a nan za ka tsaya. In ka wuce nan, ka ɗaga duhun gem ɗin gaba ɗaya, baƙi ya koma toka.

Ya mayar da ɗigon sifili ya fara ja. Goma, baƙi. Ashirin, baƙi. Ya matso da fuska har numfashinsa na taɓa allon. Talatin. A arba'in da uku wani abu kamar inuwa ya ɗago. Ya saki maus ɗin. Daidai inda ya tsaya kwana goma da suka wuce.

"Baba," in ji Malama, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ta fito tun a tara."

"Daga inda kike tsaye ne. Allo daga gefe dabam yake nunawa."

Su biyun sun san ƙarya ce. Shi ne ke gaya wa masu saye cewa irin wannan allon ko ta wane gefe ka kalla abu ɗaya za ka gani.

Da ya tsaya a nan, da da sauƙi. Amma borin kunya ya riga ya hau shi. Ya mayar da ɗigon sifili, ya tura mata maus ɗin.

"Hannuna ne ke rawa, durƙuson nan ya gajiyar da ni. Ke ja a hankali, ni zan ce ki tsaya."

Ta sunkuyo ta gefen kafaɗarsa, hannun rigarta ya tare masa lambar. Ya ƙura wa tsakiyar allon ido har hawaye ya taru. Babu komai sai baƙi. Sai ya fara ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, yana kintatar inda hannunta ya kai. Da ya kai tara ya ɗaga yatsa.

"Tsaya! Ga ta nan. Na gan ta sarai."

Daga ƙasa ana jin ƙarar tire na ƙarfe ana jan su.

"Ban fara ja ba, Baba," ta ce. "Gari ne a jikin maus ɗin, ina gogewa."

Gumi ya karyo masa daga ƙeya har gadon baya. Yatsan yana nan a tsaye yana nuna wurin da babu komai, ya rasa yadda zai sauke shi. A rayuwarsa an taɓa korarsa daga aiki, an taɓa zaginsa a kasuwa, amma bai taɓa jin kunya irin wannan ba. Ya so a ce ta yi dariya, ko ta yi masa gori, ko da zai samu abin da zai yi fushi a kai. Ba ta yi ba. Ta kawar da kai ta ci gaba da goge maus ɗin da bakin mayafinta.

Matakala ta fara girgiza.

"Zauna yadda kake," ta ce da sauri.

Mai burodi ya shigo yana haki. Malama ta ce masa Baba ya ce a sake saitin daga farko tunda an canza kebul, shi zai duba, ita za ta ja. Ta kai ɗigon duhu tara ta tsaya, ta dubi Injiniya. Ya gyaɗa kai. Ta buɗe shafin haske, inda ake nuna farin akwati mai zane a ciki, a yi ta ƙarawa har zanen ya narke cikin farin. Wancan karon Injiniya ya bar shi a ɗari huɗu, don a idonsa farin ya riga ya cinye komai tun daga nan. Ta ja, ta ja, sai da ta kusa dubu ta tsaya. Ta sake dubansa. Ya sake gyaɗa kai, kamar ya san abin da yake gyaɗa wa.

Mai burodi ya karɓi kujera ya shigar da ɗan mutuminsa kogo.

"Kai!" Ya ja baya har kujerar ta kusa kifewa. "Kai, kai, kai! Wallahi shi ne! Dubi wutar nan, har zafinta nake ji a fuska. Dubi can ciki, ba ka ganin komai sai abin da wutar ta taɓa. Baba, Allah Ya ƙara wa idon nan lafiya. Ashe kebul ne!"

"Mun canza kebul, mun kuma sake saiti," in ji Malama.

Mai burodi bai ji rabin maganar na biyu ba. Ya zaro waya nan take ya kira mai shago, ya ce masa magana ta ƙare, dattijo ya yi gaskiya, kebul ne. Ya juyo ya ce wa Malama kada ta damu, kowa na kuskure, ta dai riƙa tambayar manya. Injiniya yana kallon allon. Shi yanzu ba ya ganin kogo, ba ya ganin hanya, sai wani dunƙulen haske yana yawo a cikin baƙi.

A ƙasa mai burodi ya naɗe musu burodi mai zafi a takarda, na Injiniya ya fi girma. Ya ƙi karɓa, aka danƙa masa dole.

Suka tsaya a tashar bas, rana tana dukan kwanon rumfar. Burodin yana ƙona masa hannu, ya mayar da shi ɗaya hannun. Motoci suna zuwa suna wucewa, lambobin goshinsu sun zame masa tabo-tabo.

"Sha bakwai ce," in ji Malama kamar da kanta take magana. "Tamu ce."

Suka samu kujera biyu a baya. Sai da motar ta wuce tasha biyu sannan ya yi magana, kuma da faɗa ya fara, don ba shi da wata ƙofar shiga.

"Me ya hana ki faɗa masa? Ai ga dama kin samu. Ko so kike in zauna ina jiran ranar da za ki fasa?"

"Da fasawa zan yi, Baba, da na fasa tun watanni bakwai da suka wuce."

Ya juyo ya dube ta.

"Duk allon da ka saita a shago ta hannuna yake bi kafin a sa shi a kwali," ta ce, idonta a kan titi. "In ka fita sallah ko cin abinci sai in jona shi in sake. Minti biyar ne. Na mai burodi ne kawai ya kuɓuce min, don a gidansa ka yi."

Motar ta faɗa rami, kowa ya yi sama ya dawo. Injiniya ya shiga tuno su ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗaukar hoton da ya dawo takanas don ya yi masa godiya. Matar da ta ce ɗanta ya ce ba a taɓa yi masa saiti irin wannan ba. Ranar da mai shago ya dafa kafaɗarsa a gaban baƙi ya ce wannan idon ba a sayar da shi a kasuwa. Duk ya karɓa, ya yi murmushi, har yana cewa ai sabo ne. Ita kuwa tana tsaye a bayan kantar tana naɗe kebul.

"Don me?" ya ce. Muryar da ta fito ba irin tasa ba ce.

"Kai ka koya min kallon allo. Da na zo shagon nan takarda kawai na sani. Kuma na ɗauka za ka faɗa da kanka, yau ko gobe. Na yi ta jira." Ta gyara jakarta a cinya. "Amma ranar Talata ka ci min fuska, Baba. A gaban mutane. Na kalle ka, ka sunkuyar da kai. Kada ka ga na rufa maka asiri yau ka ɗauka na huce. Ban huce ba."

"Malama…"

"Bari in ƙarasa. Sito ba mutuwa ba ce, zan je. Amma daga can allo ba ya bi ta hannuna. Ba barazana nake maka ba, ina gaya maka ne don ka sani."

Ta ciro wayarta tana dubawa. Shi kuma ya zauna da burodi a cinya yana jin wata sabuwar kunyar tana hawa kan ta farko, don abin da ya fara zuwa masa a rai ba halin da za ta shiga ba ne. Tambayar da ta fara zuwa ita ce, to yanzu wa zai bi bayansa?

Ana la'asar suka isa shago. Ya laluba matakalar ƙarshe da ƙafa ya hau. Mai shago ya taso daga bayan kanta fuska a sake, ya ce mai burodi ya kira har sau biyu. Makullin sito yana ajiye a kan gilashin kanta, an riga an ciro shi.

"Ban so haka ba," in ji mai shago, yana duban Malama, "amma magana na yi a gaban mutane. Ki je can tukuna, in an kwana biyu mu gani."

Ta ce to. Ta zagaya bayan kanta ta fara tattara kayanta: cajar waya, kofin shayi, ɗan littafin da take rubuta lambobin kebul.

"Maigida," in ji Injiniya, "ina son magana."

"Sai an jima, Baba, ga baƙo can ya fi awa yana jiranka. Na ce a yi masa, ya ce ba wanda zai taɓa masa allo sai kai."

Baƙon ya miƙe daga benci. Magidanci ne mai rigar ofis, ya kwance maɓallin wuya. Ya gaida Injiniya da hannu biyu, ya ce wani abokin aikinsa ne ya yi masa kwatance, wanda aka saita wa nasa a nan wata uku da suka wuce, har yau yana yabo. Ya riga ya ɗora kayansa a kan teburin gyara, allo da kwamfutar gaba ɗaya. Allon irin na mai burodi ne sak. Gem ɗin ma shi ne, wanda kowa ke bugawa a bana.

Injiniya ya ajiye burodin a gefe ya zauna. Hannuwansa suka yi aikinsu ba tare da sun nemi shawararsa ba: ya jona kebul, ya kunna HDR a allo, ya kunna a kwamfuta, ya kunna a gem. Ya buɗe shafin saitin duhu. Mai shago ya zo ya tsaya a bayansa, wasu masu saye biyu su ma suka matso, don mai shago ya ce su zo su ga aiki.

Baƙi ya cika allon. A nan ne wani tunani ya zo masa, mai sanyi, mai sauƙi. Ai ya san lambar. Allo ɗaya ne, gem ɗaya ne. Tara a duhu, kusa da dubu a haske. Ba ya bukatar ganin komai. Irin allunan da shagon ke sayarwa ba su wuce shida ba, zai iya haddace na kowanne, ya rubuta a takarda ya sa a aljihu. A haka sai ya ƙara shekara, wataƙila biyu, ba wanda ya sani.

Ya ɗora hannu a maus ya ja ɗigon. Ya tsaya a tara.

Baƙon ya sunkuyo ya ƙura ido, sannan ya tafa hannu.

"Ikon Allah! Ga ta nan, da ƙyar ake ganinta. Ja ɗaya! Ko matsowa bai yi ba!"

"Ai na gaya muku," in ji mai shago.

A bayansu Injiniya ya ji ƙarar makulli an ɗauke shi daga kan gilashi. Ya ji takun Malama ta nufi ƙofar baya, kofin yana bugun cajar a hannunta. Ya ji ta sa makullin a kuba, ya ƙi juyawa, ta sake gwadawa. Kubar nan sai an ɗan ɗaga ƙofar sama take buɗewa, kowa a shagon ya sani ban da ita, don ba ta taɓa buɗe ta ba.

"Ban ga komai ba," ya ce.

"Na'am?" in ji mai shago.

"Na ce ban ga komai ba." Ya janye hannunsa daga maus ɗin ya ɗora a cinya. Kunnuwansa sun yi zafi, bai iya ɗaga kai ba, don haka allon ya gaya wa. "Baƙi ne kawai a gabana. Lambar haddace ta na yi, ɗazu na ji ta a bakin Malama. Idona ya tafi, Maigida, ya fi shekara. Kebul ɗin mai burodi ba shi da laifi, ni na ɓata saitin, kuma ranar Talata ko kallon kebul ɗin ban yi ba." Ya juya wajen baƙon. "Na abokinka ma ba ni na yi ba. Na yi, an bi baya an gyara. Ga wadda ta yi can."

Ɗaya daga cikin masu sayen ya ja baya ya shiga duba wasu na'urorin saurare na kunne da ba shi da niyyar saye. Mai shago ya dubi ƙofar baya, ya dubi ƙasa, ya shafa ƙeya. Shi ma tasa kunyar ta iso.

Baƙon ya dubi wannan ya dubi wancan.

"To, ni yanzu wa zai yi min?"

Injiniya ya miƙe. Ya ja kujerar baya, ya juya ta wajen ƙofar sito, ya tsaya riƙe da bayanta da hannu biyu.

Malama ba ta taho nan da nan ba. Ta tsaya a bakin ƙofar da kayanta a hannu, ta bar shi a tsaye a gaban kowa har sai da ya ji tsawon tsayuwar a ƙafafunsa. Sannan ta zare makullin, ta dawo ta ajiye shi a kan gilashin kanta, ta ajiye kofin kusa da shi.

Ta zauna, ta mayar da ɗigon sifili, ta fara daga farko.